Mai Fasaha Da Mai Saye: Ina Kasuwar Ta Koma?

Duk wanda ya san Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Yamai shekaru 25 da suka wuce zai tuna yadda rumfunan masu aikin hannu ke cika da baƙi da zarar sanyi ya shigo, wato daga watan Nuwamba har zuwa Fabrairu. Maƙeri na bakin wuta, baduku na yanka fata, masaƙi na jefa ƙoshiya, Bature kuwa na tsaye a kansu da kyamara a wuya, yana kallo yana tambayar kuɗi. Tun da aka buɗe gidan a 1959, wanda ya fara shugabantarsa, Pablo Toucet, ya tsara shi ta yadda mai sana'a zai yi aikinsa a gaban jama'a, ya kuma sayar nan take. Dabara ce mai kyau, ta kuma ciyar da gidaje masu yawa. To amma ta saba wa masu fasaharmu da wata ɗabi'a guda, wato zama a rumfa ana jiran mai saye ya taso daga wata ƙasa.

Wannan baƙo ya yi wuyar gani yanzu, kuma ya kamata mu bi sawun yadda ya ɓace, don kada wani ya zaci gobe da safe zai sake bayyana.

A shekarun 1980 tseren motoci na Paris-Dakar na ratsa Agadas, yana tafe da ɗimbin Turawa masu sayen tsaraba. Tawayen arewa da ya ɓarke a 1990 ya tsayar da wannan harka, sai bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilu 1995 abubuwa suka fara farfaɗowa. Jirage suka riƙa tasowa daga Faransa kai tsaye zuwa Agadas lokacin sanyi, a 1998 kuma Alphadi ya shirya bikin tufafi na FIMA karo na farko a Tigidit. Karya darajar sefa da aka yi a Janairun 1994, inda faran ɗin Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, ta sa kayanmu sun yi wa baƙo arha ƙwarai, ko da yake azurfa da fenti da zaren da ake shigowa da su sun yi wa mai sana'a tsada. Shekaru goman da suka biyo baya su ne tsofaffin maƙeran Agadas ke ba da labarinsu har yau. Daga nan sai tawaye na biyu ya zo a 2007. An soke tseren motoci a 2008, aka mai da shi Kudancin Amurka a 2009. An sace ma'aikata baƙi a Arlit a Satumban 2010, aka kuma sace Faransawa biyu a cikin Yamai a Janairun 2011, abin da ya sa ƴan sa-kai na Amurka na Peace Corps suka tattara kayansu bayan sun yi kusan shekara 50 a ƙasar. Da UNESCO ta sa tsohon birnin Agadas cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 2013, ba a sami masu zuwa kallo da yawa ba. Annobar korona ta zo a 2020, sannan bayan sauyin mulki na 26 ga Yuli 2023 aka rufe iyakoki na tsawon watanni, ma'aikatan ƙungiyoyi da na ofisoshin jakadanci da yawa suka tafi. Ba siyasa muka zo yi a wannan shafi ba. Abin da ya dame mu shi ne mutumin da ya shekara 20 yana koyon sana'a, yau kayansa na shan ƙura a kanta, kuma bai taɓa koyon fita neman mai saye ba.

KUNYAR FAƊIN KUƊI

Matsala ta farko ta girmi zuwan Bature. A da, babban mai fasaha ba ɗan kasuwa ba ne, yaron wani ne. Maginin da ya ƙawata fuskar gidajen unguwar Birni a Damagaram, da badukun da ya yi wa sarki sirdi da linzami, da malamin da ya zana allon zayyana ranar saukar ɗan attajiri, ba su cika yanka farashi ba. Aiki ake yi a kai, ubangida ya yi tukwici da riga ko hatsi ko ma doki, ya kuma ɗauki nauyin mutum idan biki ko rashin lafiya ya taso. A irin wannan zama, faɗin kuɗi ƙaranta ne. Iyayen gida irin na da sun ƙare, amma kunyar ta saura. Har gobe za ka ji mai zane ya gama aikin mako guda, an tambaye shi nawa ne, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, abin da ka ga ya dace." Alhaji kuwa ya sa hannu a aljihu ya ba shi abin da ko kuɗin fenti bai kai ba, ya haɗa masa da Allah ya yi albarka.

Maganin wannan kunya lissafi ne, irin wanda muke koya wa yara a aji biyar. Mu ɗauki misali. A ce mai zane ya yi hoto mai faɗin santimita 60 da tsawon 80. Ƙyalle da katako sun ci jika 4, fenti da buroshi jika 3, ya kuma yi kwana 6 yana aiki. In ya kimanta yininsa a jika 3, wato ya ɗauki kansa daidai da ƙwararren magini ke nan ba fiye ba, ladan aikin ya kama jika 18. An tashi da jika 25. Sai ya ƙara kason hayar rumfa da wuta da kuɗin mota, a ce jika 3, sannan ya ɗora riba, domin ba kowane hoto ne zai sami mai saye ba, kuma wanda aka saya shi ke ɗaukar nauyin wanda ya kwana. A ce ya tsaya a jika 35. Daga ranar da ya san wannan adadi, ya san inda zai ce albarka da inda zai ce na sallama, kuma muryarsa ba za ta yi rawa ba.

Akwai wani tarko a nan da ke kama mutane da yawa. In mai shago ya ce zai ajiye hoton ya sayar, ya ɗauki sulusin kuɗin, sai mai zane ya ƙara sulusi a kan jika 35 ya ce a sayar jika 47. To amma sulusin 47 ya kusa jika 16, abin da zai dawo hannunsa jika 31 ne, ya yi asarar jika 4 bai sani ba. In yana son jika 35 ɗinsa cif, dole farashin kanta ya zama jika 52 da rabi. Kason mai shago daga kuɗin sayarwa ake cire shi, don haka daga can ake fara lissafi a dawo baya.

Ciniki al'adarmu ce, ba mai hana ta. A bar ɗan gurbi na tayi, amma kaɗan. Wanda ya ce jika 100 sannan ya sallama a jika 20 ya gaya wa mai saye cewa maganarsa ba abin kamawa ba ce, kuma gobe daga jika 10 za a fara taya masa. Haka kuma tsohuwar ɗabi'ar nan ta farashi biyu, ɗaya na baƙo ɗaya na ɗan gida, ta daina amfani tun da waya ta shiga hannun kowa. Masu saye na tambayar juna, kuma wanda ya gane an ninka masa ba ya dawowa.

In aikin oda ne, a karɓi kafin alƙalami, rabin kuɗi ko aƙalla abin da zai sayi kayan aiki, a rubuta a littafi a gaban mai odar: me za a yi, girmansa, launinsa, nawa aka bayar, nawa ya rage, yaushe za a karɓa. Sai dai gaskiya ɗaya ce, masu sana'a ma na da nasu laifin. Kowa ya san "dawo gobe" ta tela a jajibirin salla, kuma maƙeri da baduku ba su bar masa ita shi kaɗai ba. Mai saye na iya yafe tsada, amma wanda aka sa ya je bikin ƙanwarsa hannu rabbana saboda ba a gama kyautar da ya biya ba, zai ba da labarin a duk majalisar da ya zauna.

SUNA A JIKIN AIKI

Masu karatu da ke hulɗa da Najeriya sun san takardar naira 20, amma ba kowa ya kula da matar da ke bayanta tana ginin tukunya ba. Ladi Kwali ke nan, Bagwariya, wadda ta koyi ginin tukwane a gida kamar sauran matan ƙauyensu. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Michael Cardew ya kafa a tsohuwar Abuja, wadda ake kira Suleja yanzu. An nuna aikinta a Landan tun ƙarshen shekarun 1950, kuma tukwanenta na ɗauke da hatimin haruffa biyu na sunanta. Ta rasu a 1984, amma har yanzu in tukunya mai wannan hatimi ta fito kasuwar gwanjo a Turai, masu tara kayan fasaha na rububinta. A Mirriya da Bubon muna da magina tukwane masu hannu na ban mamaki. Tulunsu na isa Yamai, wani lokaci har ƙasashen waje, amma wanda ya saya ya ji daɗi ba shi da hanyar sanin wa ya gina, balle ya aiko a ƙara masa. Ribar sunan sai ta tafi ga ɗan kasuwan da ya yi sari.

Maƙeran Buzaye sun riga kowa gane wannan. Da yawansu na zana sunansu da haruffan Tifinag a bayan abin wuya, kuma baƙi sun koyi juya shi su duba. Baduku na iya yin ɗan hatimin ƙarfe ya buga a cikin jaka, mai tukwane ya danna alama tun yumɓu na ɗanye, masaƙi ya ɗinka ɗan ƙyalle a gefen bargo. Ban da haka, a haɗa kowane aiki da ƴar takarda mai ɗauke da sunan mai aikin, garinsa, shekara, abin da aka yi aikin da shi, da lambar waya. In akwai labari a faɗa. Mai sayen abin wuyan Agadas zai so ya ji cewa irinsa 21 ne ake lissafawa, kowanne da sunan garinsa, kamar Ingal da Iferwan da Timiya da Bilma da Tawa da Damagaram, kuma da kakin zuma ake fara siffanta shi, a lulluɓe da yumɓu, a narkar da kakin, a zuba azurfa a gurbinsa, don haka ba a samun guda biyu iri ɗaya sak. Wannan labari gaskiya ne, ya kuma isa. Ba sai an ƙirƙiro cewa kakan wani sarki ne ya rataya shi ba.

Maganar gaskiya ta kai mu ga kayan aiki. Kasuwar duniya ta san azurfa da lamba 925, ma'ana kashi 925 cikin 1000 azurfa ce zalla. Wanda ya buga wannan lamba a jikin farin ƙarfe ya cuci kansa ya cuci duk ƴan rumfarsu, domin gwaji ba shi da wuya. Farin ƙarfe ba abin kunya ba ne, yana da masu sonsa saboda arha, sai dai a kira shi da sunansa. Haka fata. Fatar jar akuyar Maraɗi da ta Sakkwato sun daɗe da yin suna a Turai, inda aka riƙa kiran irinsu fatar Maroko saboda ta can ayari ke fitar da su. Amma in majemi ya yi gaggawa, bai bar bagaruwa ta ci fatar sosai ba, jakar da ba ta da laifi a bushewar ƙasarmu sai ta tashi da wari ko fumfuna da zarar ta isa ƙasa mai laima irin Kwatano ko Abijan. Wanda kuma ke son manyan oda dole ya saba da ma'auni. In an ce alabe 50 masu tsawon santimita 18, to 18 ɗin ake nufi, daga na farko har na hamsin. Kamfanin Hermès na Faransa ya yi aiki da maƙeran Agadas tun shekarun 1990, kuma irin wannan mai saye da awo yake karɓar kaya.

Game da dillali ba za mu tsawaita ba. Ana yawan zaginsa, amma wanda ya san masu kuɗi, ya iya harshe, ya kuma ɗauki kaya ya yi yawo da su, aiki ya yi, la'adarsa halal ce. A Turai ma gidajen nuna zane na ɗaukar har rabin kuɗin da aka sayar. Abin da ke kawo rigima shi ne ba da kaya da baki kawai. A rubuta jerin kayan kofi biyu, a ɗauki hotonsu, a sa farashi da kason kowa da ranar da za a dawo da abin da ya kwana, kowa ya sa hannu.

MAI SAYE NA GIDA

Nan ne muke ganin babban gyara yake. Ana yawan cewa mutanenmu ba sa sayen zane, mu kuwa ba mu yarda ba. A shiga falon kowane ma'aikaci ko ɗan kasuwa a Maraɗi ko Tawa, bango ba ya zama fayau. Akwai hoton Ka'aba, akwai ayoyi cikin gilashi masu ruwan zinariya, akwai agogo mai ado, akwai furen roba, kusan dukkansu daga Sin ko Dubai. A leƙa ɗakin amarya a ga abin da uwa ta kashe wajen jere. A zamanin kakanninmu ƙore ne masu zane da faya-fayai da tabarmi, duk aikin hannun maƙwabta, daga baya tasoshi da kwanoni suka kore su, yanzu kuma tangaran da kabet. Ashe kuɗin ƙawa na nan ana kashe shi kullum, wani ne dai ke kwashewa.

Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne. Shekara da shekaru mai zanenmu na zana abin da baƙo ke son ya kai gida: raƙumi a kan tudun rairayi, Bororo na rawar gerewol, mace na daka. Mutumin Dakwaro ba zai biya jika 35 don ya rataye hoton mace na daka ba, yana ganinta kowace safiya. Ban da haka gidaje da yawa ba sa son hoton mutum ko dabba a bango saboda dalilin addini, kuma mai neman kasuwa ba gardama ya zo yi ba. Amma akwai rubutun Larabci mai ado, akwai zayyana irin ta allo, akwai dagi da sauran zanen fuskar gidajen Damagaram da na gaban babbar riga, akwai hasumiyar masallacin Agadas, akwai tsohuwar kasuwar gari ko ƙofar fada da mutum ya taso yana gani. Duk waɗannan za su shiga falon malami da na alhaji ba tare da an ɗaga gira ba. Mun lura kuma cewa wanda ba ya son hoton baƙuwar fuska a ɗakinsa, wani lokaci shi ne zai kawo tsohon hoton mahaifinsa da ya koɗe ya ce a sake zana masa shi babba.

Sai batun aljihu. Baƙo na biya gaba ɗaya ya tafi, ɗan gida kuwa albashi yake jira ko kaka. Don haka a yi aiki hawa-hawa: ƙananan abubuwa na jika 2 zuwa 5 da ɗalibi zai iya saya wa malaminsa, matsakaita, da manya ƴan kaɗan da za su nuna gwaninta ko da sun daɗe ba a saya ba. A yarda da biya kashi biyu ko uku, amma kaya su zauna a rumfa sai an cika. Matan da ke adashe kasuwa ce babba ga mai saƙa da baduku, domin ranar kwasa sananniya ce, ana iya shirya aiki a kanta. Wanda ya ce a ba shi ya kai gida uwargida ta gani, a bi shi da yaro.

Akwai kuma masu saye da ba sa zuwa rumfa sai an je musu: otal-otal, bankuna, asibitoci masu zaman kansu, gidajen abinci, ofisoshin magadan gari. Kusan kowane mako ana taron ƙara wa juna sani a wani zaure, a raba wa mahalarta jakunkunan roba, alhali dukawan garin na zaune. Ana sallamar ma'aikaci zuwa ritaya a rasa abin da za a ba shi sai agogon bango. Mai sana'ar da ya sa riga mai tsabta, ya ɗauki samfur uku da takardar farashi ya je ya ga mai kula da sayayya, ya fi wanda ya zauna yana cewa gwamnati ta manta da su. Sai dai a sani, ofis na neman takardar kuɗi mai hatimi da lambar haraji, kuma ba ya biya da wuri. A nan ne ƙungiya ke da rana, irin waɗanda ke cibiyar masu sana'a ta Wadata a Yamai da takwarorinta na manyan garuruwa, domin abin da mutum ɗaya ba zai iya yi wa rajista ko ya jira ba, mutum 20 za su iya. Kada kuma a manta da ƴan uwanmu mazauna zangon Kumasi da Nima ta Akara da Kwatano da Abijan da Saudiyya. Mai kewar gida ba ya cika ja-in-ja a kan tumtum ko bargon tera-tera.

Mu malamai ma da hannunmu a ciki. Darasin zane na cikin jadawali, amma shi ne na farko da ake sadaukarwa in ana son cike gurbin lissafi ko Faransanci. Yaron da bai taɓa riƙe buroshi ba, bai taɓa ganin an kawo masaƙi ko maƙeri aji an girmama shi ba, da wuya ya girma ya ga dalilin biyan jika 35 a kan aikin hannu.

WAYA, BAJE KOLI DA DUWAN

Waya ta zama rumfar da ba a biya mata haya. Da WhatsApp da Facebook, mai sana'a a Ingal na iya nuna kayansa ga wanda ke Yamai ko Kano a cikin minti ɗaya. To amma hoton da ake turawa shi ne kayan a idon mai saye. A ɗauka da hantsi a inuwa, kan farin ƙyalle ko tabarma mai tsabta, ba a kan gado da dare ba. A ɗauki gaba da baya da kusa, a ajiye wani abu sananne a gefe, kamar akwatin ashana, don a gane girma. A rubuta farashi a fili, domin mutane da yawa na jin nauyin tambaya, in ba su ga kuɗi ba sai su wuce. Ɗan gajeren bidiyo na hannu yana aiki ya fi dogon yabon kai tasiri. Kuɗi kuwa na iya zuwa ta kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Amana da Al Izza, kaya su bi motocin safa zuwa kowace jiha. Ƙa'ida ɗaya ce ba a karya ta: kaya ba sa tashi sai an karɓi kuɗi a hannu ko an gan su a asusu. Hoton rasit da aka turo ta waya ba kuɗi ba ne, ƴan damfara sun ƙware wajen ƙera shi. Haka wanda ya ɓullo daga wata ƙasa ya yaba aikinka, ya ce ya turo fiye da kima bisa kuskure, ka mayar masa da ragowa, ɓarawo ne.

Baje koli na da amfani, amma shi ma sai da lissafi. Akwai SAFEM, bikin sana'o'in mata da aka fara a Yamai a shekarar 2000, akwai SIAO na Wagadugu da aka fara a 1988, wanda manyan masu sari daga ƙasashe ke halarta, ga masu zane kuma akwai Dak'Art na Dakar. Kafin a tafi a haɗa kuɗin rumfa da mota da masauki da abinci, a ga kaya nawa za a sayar kafin a mai da uwar kuɗi. Mutum uku su haɗa rumfa ɗaya ya fi kowa ya ci bashi. Sau da yawa ribar ba a cinikin makon take ba, tana cikin lambobin wayar da aka karɓa, in an dawo gida an bi su. A kusa da mu ma akwai taruka masu tara dubban jama'a, kamar kokowar takobi da ake yi tun 1975 tana zagaya jihohi, da bikin gishiri na Ingal a watan Satumba, da Biyanu a Agadas. Masu tsire da masu rake ba sa fashin waɗannan wurare, masu zane ne ba a cika gani ba.

Wanda kasuwarsa ta kai ƙetare sai ya san dokoki biyu. Dokar ƙasa ta 30 ga Yuni 1997 ta kare kayan tarihi, kuma gumakan yumɓu na Bura, da aka gano a 1975 a yankin Tera, na cikin kayan da hukumomin duniya ke sa wa ido saboda yawan satarsu da aka yi. Masu binne sabon aiki a ƙasa ko su turara shi da hayaƙi don ya yi kama da tsoho suna jawo wa mai saye tsaiko a filin jirgi, su kuma jawo wa kansu tuhuma. Sabon aiki a kira shi sabo, a ba da rasit mai kwanan wata. Ta biyu ita ce yarjejeniyar CITES ta kare namun daji. An haramta cinikin hauren giwa tsakanin ƙasashe tun 1989, fatar kada da ta mesa da ta guza kuwa ba sa ƙetare iyaka sai da takardar izini, in babu ita ƴan duwan na can na iya ƙwacewa, mai saye ya yi asara ya kuma dawo kanka.

Abu na ƙarshe da masu zane ba su cika sani ba shi ne, sayar da hoto ba sayar da haƙƙin buga shi ba ne. Wanda ya sayi zanenka ya mallaki wannan ƙyalle, yana iya rataye shi ko ya kyautar ko ya sayar, amma in zai buga shi a kalanda ko a riga ko a bangon littafi, wannan wani ciniki ne dabam, da kuɗinsa dabam, sai kuma da yardarka a rubuce. Ofishin kare haƙƙin mawallafa na ƙasa, wato BNDA, ba na mawaƙa kaɗai ba ne. Kafin aiki ya bar hannunka ka ɗauki hotonsa da kyau, ka rubuta ranar da ka gama shi da sunan wanda ya saya a littafinka, domin ranar da ka ga zanenka a jikin kalandar wani kamfani, wannan littafi da wannan hoto su ne shaidun da za a fara tambayarka.